Hayaƙin Kifi a Bayan Uhudu

Shekarar da mijina ya rasu, na fita takaba ana gab da shiga sanyi. Mata suka zo barka da fita, aka ci shinkafa, aka sha shayi, aka watse. Ni kuwa na koma ɗakina na tura ƙofa kamar ba abin da ya sauya. Keken ɗinkina yana gefe a lulluɓe da tsohon zane. Matan unguwarmu ta Bani Harisa, a nan Madina, da suka saba kawo mini ɗinki suka yi ta aike har suka gaji, suka kai wa wasu. Ba ciwo nake yi ba. Abinci ne dai ya daina yi mini ɗanɗano, magana kuma ta zame mini aiki.

Mu uku ne a gidan: ni, da 'yata da ke firamare a lokacin, da Inna mahaifiyarmu. A bakin Tafkin Cadi aka haifi Inna, cikin masunta. Tana amarya mahaifinmu ya taho da ita hajji ta ƙasa, suka yi zaman Sudan na wasu shekaru, suka ƙetaro, ba su kuma koma ba. Mu duka a Madina aka haife mu. Tafkin nan a bakinta kawai muka san shi, ita ma ba kullum take zancensa ba.

Cikin wannan sanyin ne Yaya ya ɗauki hutu ya zo. Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Ya daɗe a garin Yanbu na bakin teku da iyalinsa, yana aikin kuku a sansanin ma'aikatan wani kamfani. Mutum ne mai jiki, marar yawan magana, kullum da tabon ƙuna sabo a hannunsa. Kwana biyu da zuwansa, da hantsi, na ji an ƙwanƙwasa ƙofata. Kafin in amsa ya turo, rungume da ƙaramin turmin Inna.

"Auta, tashi ki daka mini yaji."

Na ce, "Yaya, ga injin niƙa can a kicin."

"Inji yana dafa yaji kafin a kai shi wuta. Hannu nake so. Yalla, tashi."

Ban taɓa yi masa musu ba tun muna yara, don haka na tashi. Na tarar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera ƙananan kwanoni: busasshen barkono, garin jan tattasai mai yawa, masoro baƙi da fari, busasshiyar tafarnuwa, busasshiyar albasa, ganyen za'atar, da gishiri. Shi yake zubawa, ni ina dakawa. Ban yi nisa ba barkonon ya hau mini hanci, na yi ta atishawa har hawaye suka zubo. 'Yata ta leƙo tana dariya. Inna ta fito ta tsaya a kanmu, ta dangwali garin ta ɗanɗana.

"Wannan ai yajin tsire ne aka hana shi ƙuli-ƙuli," ta ce. "Kai, wa ya koya maka rowa?"

Inna ba ta kiran sunan Yaya, kunyar ɗan fari. "Kai" ne sunansa a bakinta har ta bar duniya.

Nan ya ba mu labarin mutumin da yake kira Mu'allim. Wani dattijo ne baƙar fata daga Amurka, shi ne babban kukun sansaninsu. Garinsu yana wani yanki da ake kira Luwiziyana, ƙasar fadamu da koguna, inda mutane ke cin duk abin da ruwa ya ba su. Irin girkinsu sunansa Kajun. Yaya ya yi shekaru a ƙarƙashinsa. Mu ba mu taɓa ganinsa ba, don ba Musulmi ba ne, bai taɓa biyo Yaya zuwa Madina ba. Da tsufa ya kama shi zai koma gida, ya bar wa Yaya wani baƙin kasko na ƙarfe, mai nauyin da sai da hannu biyu nake ɗaga shi.

"Juma'a zan yi muku girkinsa," in ji Yaya. "Amma ba a yin sa a ɗaka. Hayaƙinsa sai ya kore mu har maƙwabta. Fita za mu yi."

Na ce ni dai a kawo mini nawa gida.

Ya ce, "Wanda ya daka yaji shi yake barbaɗawa. Haka dokar take."

Ƙarya yake yi, babu wata doka, na kuma san da haka. Amma ranar Juma'a na saka abayata na shiga mota.

A bayan Uhudu, inda gidaje suka fara ƙarewa, akwai wata gonar dabino a lokacin. Mai kula da ita wani mutumin Damagaram ne, abokin Yaya, siriri dogo mai fara'a, wanda ya shekara da yawa a nan amma Larabcinsa bai wuce na kasuwa ba. Mai gonar, wani tsoho ɗan asalin Madina, ya ce masa duk baƙin da ya ga dama ya kawo, muddin ba za a kusanci ƙananan dabino da wuta ba. Akwai rumfa ta kwano, da kwalbatin ruwa mai sanyi da ke bi ta tsakanin itatuwa, da bishiyoyin lemon tsami da magarya a bakin katanga. In ka ɗaga kai sai ka ga bayan dutsen, ja wur da la'asar. Mun saba ganin fuskarsa ta wajen masu ziyara da masu tallar tasbaha. Ta nan baya kuwa babu kowa sai awaki.

Tun asuba Yaya ya kama hanyar Badr zuwa bakin teku, ya dawo kafin salla da kula biyu cike da ƙanƙara. Da ya buɗe, warin teku ya tashi. Akwai kifin da ake ce wa najil, ja mai ɗigo-ɗigo, da hamur, da kaguwa, da tulin jatan lande manya-manya waɗanda a nan muke kira jambari. Shi da mutumin Damagaram sun riga sun gyara ganga biyu na ƙarfe. Ɗaya an tsaga ta a kwance, an ɗora mata raga, ita ce ta gashi. Ɗaya kuma tana tsaye, an yanka mata ƙaramar ƙofa a ƙasa, an jera mata raga a ciki, ita ce ta hayaƙi.

Inna ta leƙa kular jambarin ta ja da baya.

"A'uzu billahi. Waɗannan ƙwarin za ka ba mu? A garinmu in suka shigo komar masunta mayar da su ruwa ake yi."

"Inna, halal ne fa."

"Ban ce haram ba ne. Na ce ba ni ci."

Mutumin Damagaram yana tsugune yana hura gawayi. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, ai fara ce. Farar ruwa. Dubi ƙafafunta. Mu a Damagaram in an soya fara da yaji har faɗa ake yi a kanta. Wannan kuwa ta fi tamu ƙiba, ba ta sha wahalar tashi ba."

Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, amma ta ɗauki tabarmarta ta koma can gindin magarya, ta ce ita daga nan za ta yi kallo.

Ni aka sa a gaban faranti. Yaya ya fere tsokar hamur daga ƙaya, ya narkar da man shanu, yana tsoma kowane yanki yana miƙo mini, ni kuma ina barbaɗe shi da yajin gaba da baya har sai ba a ganin farinsa. Kaskon Mu'allim yana kan garwashi tun ɗazu, babu mai, babu komai, har cikinsa ya fara yin fari-fari don zafi. Da ya ajiye yankin farko, wata ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, 'yata ta ruga tana tari tana kiran "Ya Hali, harika! Harika!", wato "Kawu, gobara!" Ita haka take, da Hausa ake yi mata magana, da Larabci take amsawa. Bai daɗe ba ya juya shi. Baƙi ƙirin.

Daga gindin magarya Inna ta ɗaga murya. "Inna lillahi! Ya ƙone kifin mutane. Shekara nawa kana aikin kuku, kai?"

Yaya ya kwashe, ya matsa lemon tsami da aka tsinko nan take, ya zuba ɗan man shanu, ya gutsuro ya miƙa mini. Ɓawon baƙin nan ba ƙuna ba ne, yaji ne da mai suka haɗu suka ƙame. Cikinsa fari tas, yana rabewa sala-sala, ruwa na ɗiga. Zafin barkonon bai zo da farko ba, sai da na haɗiye ya biyo baya a hankali. Na sake miƙa hannu.

Sai jambari. Su da ɓawonsu ya tsire su a tsinke, ya ɗora a raga, yana shafa musu man shanu da tafarnuwa da yaji, suna komawa ja suna nannaɗewa. Ya jera masara da dankali a gefe, kaguwa kuma ya dafa ta a babbar tukunya cikin ruwan yaji kafin ya nuna mata wuta. Da aka gama bai yarda a kawo faranti ba. Ya shimfiɗa leda a kan tabarma ya juye komai a tsakiya, ya ce haka mutanen Mu'allim suke ci. Inna ta ce to su ma ashe suna da hankali.

Na ci abinci ranar. Na ci har mai yana bin gwiwar hannuna, na tara ɓawo a gabana kamar tsibi. Na lura Inna tana tura mini manyan da bayan hannunta tana kallon wani wuri, Yaya kuma ya tashi ya tafi duba wutar da ba ta buƙatar dubawa. Can da aka kusa tashi na ga Inna ta ɗauki jambari ɗaya, ta juya shi, ta ɓare, ta rufe ido ta jefa a baki. Ta tauna ta daɗe.

"Ba laifi," ta ce. "Amma fara ta fi shi."

Rigima ta gaske a kan gangar hayaƙi aka yi ta. Yaya ya jiƙa najil cikin ruwan gishiri da ɗan sukari, ya shanya ya sha iska, ya shafe shi da yaji ya jera a ciki. Wuta kaɗan yake so, hayaƙi siriri, kifin ya nuna a hankali amma ya fito da laushinsa. Inna kuwa 'yar masu banda ce. A wurinta kifin da ya shiga hayaƙi sai ya fito a bushe ƙarau, wanda za a zuba a buhu a kai kasuwa mai nisa bai lalace ba. Da ya fito da nasa, launin zuma, yana ƙyalli, ta latsa shi da yatsa.

"Wannan ba banda ba ce. Turare ka yi wa kifi."

"Inna, ai ba Fatakwal za a kai shi ba. Yanzu za a ci."

"Ko yanzu za a ci, akwai ɗaci a bayansa. Da me ka hura?"

Ya ce da gindin zarɓar dabino, shi ya samu a gonar. Ta ce shi ya sa. Ta aiki mutumin Damagaram ya saro busassun rassan magarya da na lemo, ta ce a bar su su ci su zama garwashi kafin a rufe, a kuma cire murfin ƙarfen nan a jiƙa buhu a shimfiɗa a bakin gangar, don hayaƙi ya sami hanyar numfashi. Yaya ya ce wallahi Mu'allim ma itacen 'ya'yan itace yake so, samu ne ba a yi ba. Juma'ar da ta biyo, Inna ba ta koma gindin magarya ba. Kujera ta sa aka ajiye mata kusa da gangar. Ita ke taɓa buhu ta ce a ƙara ruwa, shi ke taɓa kifi ya ce a sauke. Ba ta taɓa yarda cewa banda ce ba, shi ma bai taɓa yarda a busar ba. A haka suka daidaita. Daga baya ta sa na riƙa jefa kimba da citta a turmin. Yaya ya ɗanɗana, ya ce Mu'allim zai yi faɗa, sannan ya ce a ƙara kimbar.

Hutunsa ya ƙare ya koma Yanbu, amma Juma'a ba ta tsaya ba. Duk sanyin nan da wanda ya biyo baya da na bayansa, yakan taso da kulolinsa, wani lokaci da matarsa da yara, mu tarar da shi a gonar bayan an sauko daga masallaci. Labari ya bazu. Maƙwabciyarmu, Bahausar Sudan, ta fara biyo mu da mijinta da kwanon kisra, gurasarsu mai laushi ta Sudan. Mutumin Damagaram ya gayyato 'yan garinsu biyu da ke aikin gini. Wata rana har da wani direba Bakano da ya ji ƙamshi daga titi ya tsaya tambaya, aka ce ya zauna, ya zama ɗan gida. Maza suna tabarmarsu ta wajen wuta, mu muna tamu ta wajen kwalbati, hira tana ƙetarawa. Hausa iri-iri ake yi a wurin nan. Wannan ya ce "kwaɗo", wancan ya yi dariya ya ce a garinsu ba haka ake faɗa ba, a yi ta gardama, a ƙarasa da Larabci. Bakanon yakan ce Hausarmu ta Madina ta sha rana ta yi laushi kamar dabino. Inna takan ce masa tasa ce ta cika gaggawa.

Fararen jallabiyoyin Yaya duk suka lalace da mai da jan tattasai, matarsa tana ta mita. Wata safiya na yaye zanen da ke kan kekena, na share ƙura, na ɗiga masa mai. Akwai ragowar wani yadi mai kauri ruwan toka. Na ɗinka masa rigar aiki irin mai ɗaurewa a baya, da babban aljihu a gaba. Da na ba shi ya jujjuya ta ya ce aljihun ya yi ƙasa. Na ce tumbinsa ne ya yi sama. Maƙwabciyarmu ta gani ta ce ashe keke ya tashi, washegari ta kawo mini atamfa biyu.

Akwai Juma'ar da ruwa ya same mu. Madina ba ta cika samun ruwan sama ba, in ya zo kuwa kowa fita yake yi kamar salla. Muna cikin gashi gari ya yi duhu, iska ta kaɗa zarɓar dabino, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Maza suka naɗe hannu da tsumma suka ɗauki gangar gashi da wutarta suka shigo da ita rumfa. Muka cunkushe gaba ɗaya, maza da mata da yara, kwano yana ƙara a kanmu ba mai jin maganar wani, hayaƙi ya rasa mafita ya cika mana ido. Kowa yana hawaye yana dariya. Ta bakin rumfar muna kallon Uhudu, ya yi duhu kamar hanta, ruwa yana gangarowa ta tsaginsa fari fat. Inna ta miƙa hannu waje ta tari ruwan ta shafa a fuska. Kifin ranar rabinsa bai nuna ba, rabinsa ya wuce. An cinye shi duka.

Sau ɗaya na bi Yaya sayen kifi. Ya kwana a wurinmu, muka yi sallar asuba muka kama hanya. Muka wuce tsakanin duwatsu, muka wuce Badr da gonakin dabinonta, inda ya tsaya ya sayi gawayin itacen samur wurin wani tsoho. Sannan ƙasa ta baje, iska ta sauya, sai ga teku. Masunta suna fitowa da ƙananan jiragensu. Ya nuna mini yadda ake duba idon kifi, da yadda ake ɗaga kunnensa a ga jan ciki, da yadda jambari mai kyau yake da tauri a hannu. A hanyar dawowa, ba tare da ya tambaye ni ba, na fara ba shi labarin mijina: yadda yake cin tuwo da cokali ana yi masa dariya, yadda yake gyara abin da bai lalace ba har ya lalace. Tun rasuwarsa ban yi zancensa da kowa haka ba. Yaya yana tuƙi yana saurare. Da na gama ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ya taɓa kwance mini rediyon mota, har yau ba ta magana." Na yi dariya, na yi kuka, ya miƙo mini kwalin takardar share hannu bai dube ni ba.

Ƙafafun Inna suka fara gazawa a sanyi na huɗu ko na biyar. Da keken guragu muke kai ta gonar, mutumin Damagaram ya shimfiɗa katako a kan kwalbati don a riƙa tura ta. Cin abincinta ya ragu ƙwarai. Wata Juma'a Yaya ya kawo mata najil mai laushi, ta gutsura ta ajiye.

"Kai," ta ce, "a garin nan ba a samun tarwaɗa?"

Teku ba ta da tarwaɗa. Amma Yaya ya yi ta cigiya har ya sami wani mai sayar da kifi da ke kawo ta daga wuraren da ake kiwo. Ya zo da su da rai a bokiti, suna ta bugun juna. Inna ta leƙa, fuskarta ta sauya.

Ranar ba a taɓa yajin Mu'allim ba. Ita ce mai girki, mu 'yan aike. Ta sa aka wanke su da toka har santsin ya fita. Ta nuna mini yadda ake lanƙwasa kifin a kawo wutsiya bakinsa a soke da tsinke ya zama kamar gammo. Na farkon ita ta yi da kanta, ya kuma fi nawa kyau. Aka jera su a ganga, aka jiƙa buhu. Ta ce wannan karon ba mai saukewa sai ta ce.

Tana zaune hayaƙi yana bi ta kanta, sai ta fara magana. Ta ce gidansu a kan wani tudu yake, ruwa ya kewaye shi, da damina sai da jirgi ake zuwa gidan maƙwabta. Ta ce mahaifiyarta tana da gadon banda mai tsawon wannan rumfar, kuma duk 'yan matan garin gashinsu ƙamshin hayaƙi yake yi, ko an wanke ba ya fita. Ta lissafa kifaye, tana naɗe yatsu: giwan ruwa, karfasa, ragon ruwa, bargi, gargaza. Ta ce akwai ranar da mahaifinta ya kamo giwan ruwa da sai da maza suka ɗauko shi a kafaɗa kamar gawa. Ta ce sauro a can in ya taso da magariba sai an shiga hayaƙi ake tsira, shanu ma da kansu suke zuwa su tsaya kusa da wuta. Ta faɗi yadda ƙanwarta ta biyo su har bakin ruwa ranar da za su taho, tana riƙe da ƙullin banda da aka manta, jirgi kuma ya riga ya tashi. Ba su sake ganin juna ba. Ni da Yaya muka dubi juna, don ba mu taɓa jin wannan ba. 'Yata, wadda ta zama budurwa a lokacin, ta matso ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar kakarta. Maza ma suka juyo suna saurare daga tabarmarsu.

Magariba ta yi kifin bai kai yadda take so ba. Muka koma gida, Yaya ya tsaya a gonar ya ci gaba da kula da wutar har washegari. Da ya kawo su sun yi baƙi-baƙi, ba nauyi. Inna ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta kai kunne.

"Yauwa," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Na yi mata miyar kuka da shi, ta ci tuwo fiye da yadda ta ci a watannin baya. Da zafi ya shigo jikinta ya tsananta. Ta rasu kafin wani sanyin, aka yi mata salla a Harami aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Mun koma gonar bayan rasuwarta, amma ba kamar da ba. Ba wanda ya ce a daina. Yaya ya sami ƙarin aiki, Juma'a ɗaya ta wuce, biyu suka wuce. Mai gonar ya rasu, magada suka sayar, mutumin Damagaram ya haɗa kayansa ya koma gida wurin iyalinsa. Ya zo ya yi mana sallama da kwalin dabinon gonar na ƙarshe. Yanzu in na bi ta wajen, gidaje ne masu hawa da shagon gyaran taya, ba na ma iya nuna daidai inda rumfar take. A cikin gari kuwa an buɗe gidajen abinci da ke sayar da irin wannan girkin, a kawo maka shi a ƙulle cikin leda, a ba ka safar hannu. 'Yata ta kai ni ɗaya bayan aurenta. Abincin ba laifi. Na dai kasa sakewa da cin kaguwa a kan kujera, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

Sanyin bara na je Yanbu na yi mako wurin Yaya. Ya bar aiki, gemunsa ya yi fari, hawan jini ya sa ya rame. Ranar da zan dawo ya ce sai mun fita. Muka je bakin ruwa da matarsa da jikokinsa biyu, da ƙaramin murhu na gawayi wanda ake ninkewa a sa a bayan mota. Hannunsa ba ya iya ɗaga kaskon yanzu, matarsa ce ta ɗora, shi yana zaune a kujera yana ba da umarni, tana ce masa ta ji. Iska tana kwashe hayaƙin tana kai shi kan teku. Da aka sauke yankin farko ya ce a miƙa mini.

"Yaya kika ji, Auta?"

Na ce, "Ya yi daɗi. Gishiri ne bai ji ba."

Ya nuna matarsa da haɓa. "Ita da likita suka haɗa kai."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya zaro ɗan ƙullin gishiri daga aljihu ya tura mini a ƙarƙashin tabarma. Matarsa tana juya kifi, ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Na gan ka." Jikokin suka fashe da dariya. Na barbaɗa a nawa, na hana shi, muka ci har rana ta yi sanyi, sannan suka raka ni tashar mota.